Yadda ake canja jami'a kana tsakiyar digiri

Da farko dai don Allah kar ka bar makarantar da kake sai ka ga takardar karɓa a hannunka, in ba haka ba kana iya rasa duka biyun.

1. Shiga shafin jami'ar da kake so ka duba sharuɗɗansu, mafi ƙarancin makin da suke karɓa da ranar rufe fom. Yawanci suna so ka gama aƙalla shekara 1, kuma da wuya su ɗauki ɗan ajin ƙarshe.

2. Je ofishin rijistara ka nemi transkirif, wato takardar da ke nuna kwasa-kwasan da ka yi da makin da ka samu, tun da wuri don yana jan lokaci, galibi ma jami'a ce ke aika wa jami'a kai tsaye.

3. Nan fa aikin yake. Tattara bayanin kowane kwas da ka yi, me aka koyar, awa nawa a sati, saboda sashen da za ka koma su ne za su kwatanta da nasu su yanke wanda za su lissafa maka, wanda bai yi daidai ba sai ka maimaita, wani ɗalibin ma har aji ɗaya ake mayar da shi baya. Ka nemi amsar nan a rubuce kafin ka amince.

4. Cike fom, rubuta dalilinka a taƙaice kuma na gaskiya, banda kushe tsohuwar makarantarka.

5. In sun ɗauke ka, biya bashin da ake binka, mayar da littattafan laburare, ka karɓi takardar sallama. In kana kan tallafin karatu, tambayi masu biya ko zai bi ka can.