Yadda Ake Fara Gyaran Cin Abinci Ba Tare da An Koma Gidan Jiya Ba

Mafi yawan masu neman shawara kan abinci ba rashin sani ne ke damunsu ba. Kowa ya san yawan sukari ba alheri ba ne, kowa ya san ganye na da amfani. Abin da ke kayar da mutane shi ne yadda suke farawa. Dare ɗaya a daina shinkafa, a daina burodi, a daina mai, a sayo robobin bitamin da garin wanke ciki, a ɗaura ɗamara. Makon farko sikeli ya nuna an sauke kilo biyu, sai murna. Kafin wata ya ƙare an koma gidan jiya, wani lokaci har da ƙari. Kilo biyun nan kuwa yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da ka rage abinci mai sitaci sai ajiyar ta ragu, ruwan ya bi ta, kitsen kuma yana nan inda yake.

Ga tsarin da nake ɗora mutane a kai, kuma ina so a bi shi a jere.

Mataki na ɗaya: ka san inda ka tsaya

Je ka a auna maka hawan jini, sukarin jini da yawan jini. Idan da hali a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jininka na wata biyu zuwa uku da suka wuce, kashi 6.5 cikin ɗari ko sama alamar ciwon sukari ce. Hawan jini da ke maimaita 140/90 ko fiye maganar likita ce, ba ta abinci kaɗai ba. A gida kuma ka auna ƙugu. Ba sai da tef ba: yanki zare daidai tsawonka, ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi ɗan sama da cibiya. Idan bai haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kuma kitsen ciki shi ne wanda ya fi alaƙa da ciwon sukari da na zuciya. Rubuta duk waɗannan da kwanan wata.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa abincinsu ba sai da sanin likitansu: mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari, don rage sitaci ba tare da an gyara magani ba na iya jefa shi cikin faɗuwar sukari mai haɗari, mai ciwon ƙoda, mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, wanda ƙara ganye kwatsam ke rage wa maganin ƙarfi saboda bitamin K, mai juna biyu, da wanda ya taɓa fama da ƙin cin abinci ko tilasta wa kansa amai. Wannan na ƙarshen ma kada ya yi mataki na biyu shi kaɗai, don rubutun na iya tayar masa da tsohon ciwo.

Mataki na biyu: mako biyu na rubutu, ba tare da ka canja komai ba

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa, don haka a nan zan daɗe.

Samu ƙaramin littafi da zai shiga aljihu ko jaka. Na san akwai manhajojin waya, amma ni takarda nake so. Manhaja tana jan hankalin mutum zuwa ƙirga kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, kuma ba kalori muke nema a wannan mataki ba. Halinka muke nema. Duk abin da ya shiga bakinka, in ban da ruwa zalla, ka rubuta abu shida: lokaci, mene ne, nawa ne, a ina kuma da wa, yunwarka daga 1 zuwa 10, da yanayin ranka. A saman kowane shafi ka sa awa nawa ka yi barci daren jiya. Layi ɗaya zai yi kama da haka: "4:30 na yamma, biskit shida da lemon gwangwani ɗaya, a tsaye gaban tebur, ni kaɗai, yunwa 3, raina a ɓace." Dubi layin nan da kyau. Yunwa 3 ce kawai. Ba ciki ne ya nemi biskit ɗin ba.

Yanzu ga inda ake ɓata aikin. Na farko, rubutu da dare. Mutum ya kwanta ya ce bari in tuna abin da na ci yau, sai ya tuno abinci uku na kan faranti, ya manta duk abin da ya ci a tsaye. Ka rubuta nan take, kafin ka wanke hannu ma idan zai yiwu. Na biyu, kwalliya. Da mutum ya san zai rubuta, sai ya fara cin abin da zai yi kyau a takarda, ya ƙi abin da ya saba. Mako biyu ya wuce, ya kawo littafin wani mutum daban wanda ba shi ba, kuma babu abin da za a iya gyarawa a jikin mutumin da babu shi. Ci yadda ka saba, ka rubuta yadda ka ci. Babu wanda zai ba ka maki.

Na uku su ne abubuwan da ba a ɗauka abinci: ɗanɗana girki sau huɗu kafin a sauke tukunya, ƙarasa ragowar farantin yara don kada a zubar, cokalin sukari a shayi, man da aka tsiyaya a tukunya ba awo. Man nan musamman. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, sitaci da furotin kuwa 4 kowanne, don haka babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Ko sau ɗaya ne, ka zuba man da ka saba zubawa a kofi tukuna, ka auna shi da cokali, ka ga cokali nawa ne. Na sha ganin mai girki ta yi shiru bayan wannan awon. Na huɗu, tsallake ranakun hutu da ranakun taro, wai ai ba kullum ba ne. Kwana biyu cikin bakwai ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa na ce mako biyu, don hutun ƙarshen mako ya shigo sau biyu.

Kada ka ɗauka wannan mantuwa rashin gaskiya ce. Haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya bi diddigin mutanen da suka ce suna cin abinci kaɗan amma ba sa ramewa. Da aka auna abin da suke ci a zahiri, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza na gaskiya da kusan kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kusan rabi. Ba yaudara suke yi ba, haka suka yi imani.

Maganar awo, ba ka bukatar sikelin kicin. Hannunka ya isa: dunƙulen hannu ga shinkafa ko taliya ko makamantansu, tafin hannu ga nama ko kifi, babban yatsa ga mai. Muhimmin abu shi ne ka riƙe ma'auni ɗaya daga farko har ƙarshe.

Idan kwana 14 sun cika, zauna da littafin da biro mai launi. Ja layi ƙarƙashin duk abin sha mai zaƙi. Zagaye duk inda ka ci alhali yunwarka ba ta kai 5 ba. Sa alama a duk ranar da barcinka bai kai awa 7 ba, sannan ka dubi abin da ka ci a yammacin waɗannan ranaku. Sau da yawa alamomin kan taru wuri ɗaya. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, shi ya sa wanda ya kwana yana danna waya yake wayar gari ransa na biya masa zaƙi. Wani kuma zai ga ba ya karyawa, ba ya cin na rana sai a gurguje, sai dare ya yi ya haɗa abincin yini guda a zama ɗaya. Wani ɓacin rai ne, wani zaman kaɗaici ne. Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da duba lafiyar mutum gaba ɗayansa: abinci, barci, damuwa da motsi duk a shafi ɗaya suke, kuma kowanne yana jan ɗan'uwansa.

Sai ɗan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kusan giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babba, in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin lissafin, ko da an rubuta musu "na asali". Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yakan ɗauki kusan giram 35. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, abincin gwangwani da dunƙulen ɗanɗano. Idan sodiyam aka rubuta a jikin leda, ninka shi sau 2.5 ka samu gishirin.

Mataki na uku: zaɓi abu ɗaya

Ɗaya fa, ba uku ba. Littafin zai nuna maka abubuwa biyar ko shida, kuma zuciyarka za ta ce ka kama su duka ranar Litinin. Kada ka yarda. Ɗauki wanda ya fi maimaituwa, ka riƙe shi mako biyu ko uku har ya daina yi maka nauyi, sannan ka ɗauki na gaba.

Idan abin sha mai zaƙi ya fito a littafinka, da shi za ka fara, ba na ba da zaɓi a nan. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, don haka cire shi ba ya barin rami a ciki. In ba haka ba, fara da ƙarawa kafin ragewa. Raba farantinka: rabi kayan lambu, kwata furotin, kwata sitaci, kuma ka fara zuba kayan lambun kafin komai, sauran su samu wurin da ya rage. Abin da ake nema shi ne aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a yini, kuma dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi. Wake da hatsin da ba a cire wa dusa ba su ne za su kai ka ga giram 25 na harza (ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa) da ake so a yini, amma ka shigo da su sannu a hankali tare da ruwa mai yawa. Wanda ya tashi daga babu zuwa kwano cike rana ɗaya zai sha kumburin ciki, ya ce abin bai karɓe shi ba.

Bari in faɗi wani abu kan kuɗi, don yana ci mini rai. An sa mutane sun ɗauka cin lafiya sai mai hali, sai da wasu 'ya'yan itatuwa da iri masu sunaye masu wuyar faɗa. Wake, ƙwai, gyaɗa, ƙananan kifi, kabeji, karas da duk ganyen da ke lokacinsa sun isa su yi aikin. Kuɗin da ke tafiya a lemo da biskit na wata guda sau da yawa ya isa ya sayi waɗannan.

Gishiri a rage shi kaɗan-kaɗan, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Gishirin da ake sayarwa a madadin na gida yawanci fotasiyam ne a ciki, mai ciwon ƙoda ya nisance shi.

Mataki na huɗu: barci da tafiya

Tsayar da lokacin kwanciya, ka daina kofi da shayi mai ƙarfi tun da rana, don rabin sinadarin caffeine mai hana barci da ka sha a cikinsu yana nan a jininka bayan kusan awa 5. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako, tafiya da sauri ta wadatar, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Tafiyar minti goma bayan cin abinci na taimakawa wajen sauke sukarin jini. Kada ka raina wannan. A wani babban gwaji a Amurka mai mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Masu shan metformin, wani maganin ciwon sukari, sun rage da kashi 31.

Mataki na biyar: ƙwayoyin bitamin, in ma da bukata

Su ne na ƙarshe, kuma sai gwaji ko likita ya nuna gibi. Akwai wuraren da suka tabbata: folik asid maikirogiram 400 kullum ga mai shirin ɗaukar ciki da watannin farko na cikin, bitamin B12 ga wanda ba ya cin komai na dabba ko ya daɗe kan metformin, sinadarin ƙarfe ga wanda aka auna aka ga jininsa ya yi ƙasa. Mai shan na ƙarfe ya haɗa da lemon zaƙi ko wani abu mai bitamin C, ya raba shi da shayi da aƙalla awa ɗaya. Bitamin A da D suna taruwa a jiki, yawansu guba ne, yawan bitamin A kuma na iya cutar da ɗan tayi. Kayan wanke jiki daga dauɗa kuwa ajiye kuɗinka, hanta da ƙoda ne ke wannan aikin. Duk mai ba da shawarar da ya ce ka ajiye maganin asibiti, ko wanda shawararsa kullum ke ƙarewa kan robar da shi ke sayarwa, ka nemi wani.

Bayan wata uku ka maimaita gwaje-gwajen mataki na ɗaya da zaren ƙugu, ka sake rubutun kwana uku, biyu na aiki ɗaya na hutu, ka ajiye shi gefen na farko. Idan hawan jini ko sukari ya sauka kuma kana kan magani, kai wa likitanka lambobin, shi zai ga ko adadin maganin na bukatar gyara.