Timiya ko Iferwan: yadda za ka zaɓi wurin hutu a duwatsun Abzin

Yawancin masu dawowa daga Abzin, a arewacin Nijar, da ƙorafi abu ɗaya ne ya ci su. Sun ga hoton magangarar ruwan Timiya a Facebook, sun ga na tuddan rairayin da ke gabas da Iferwan, sai suka ce duka biyun za su haɗa cikin kwana huɗu. Hutun ya ƙare a kujerar mota, ga ciwon ƙugu, ba su zauna ko'ina ba. In kwanakinka daga Agadas zuwa dawowa ba su kai mako guda ba, ɗauki gari ɗaya.

Fara da tsaro, kuma a Agadas ake tambayarsa, wurin hukuma da jandarmomi. Su za su faɗa maka hanya a buɗe take ko sai da rakiya. Labarin wanda ya je bara ba zai yi maka amfani bana ba. In an ce a dakata, ka dakata.

Daga nan ka tambayi kanka: yawon ƙafa kake so ko na mota? Timiya ta mai ƙafa ce. Tana da nisan kilomita 200 da 'yan kai daga Agadas, a cikin kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, kuma duk abin da ya kawo ka yana kusa. Ka fita da sassafe ka bi lambuna, lemo da rumman da dabino, ka tsaya bakin rijiya ka ga raƙumi na jan guga yana kai da kawowa, ruwa na bin ƴan magudanai zuwa fangali. Da la'asar ka hau tudun da Faransawa suka gina bariki a kansa a farkon shekarun 1950, garin duka na ƙasanka. Magangarar ruwan tana 'yan kilomitoci daga gari. Kufan Asode, tsohon babban birnin Abzin, tafiyar wuni ce a je a dawo. Daga wannan yankin ne kuma ayarin Buzayen Kel Ewey ke tashi da kaka zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, kafin su gangaro ƙasar Hausa neman gero.

Iferwan ta fi nisa can arewa, a gindin dutsen Tamgak mai tsayin mita 1,988. Tana da lambunanta da maƙeran azurfa, amma masu zuwa can galibi hamada suke nufa: Arakawo, Shiriyet, tuddan Temet, cikin gandun Abzin da Tenere da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1991. Kowace fita sai da mota, da mai, da kwana a waje. Mai iyali, ko mai ƙaramin aljihu, ko wanda zuwansa na farko ke nan, ni a wurina Timiya ce tasa, ba gardama. Iferwan a bar wa wanda ya tara abokai biyar suka raba kuɗin mota.

To, ga inda sababbin zuwa ke faɗuwa: cinikin mota. Mutum ya ji an yanka masa kuɗin kwana ɗaya, ya ga da sauƙi, ya ce sallama. Bai tambaya ba ko da mai a ciki. Bai tambaya ba ko ranar da motar ta wuni a tsaye a gari ita ma ana biya. Sai an yi nisa, inda ba wata motar da zai koma, direba ya ce zuwa Asode ba ya cikin magana, sai an ƙara. Saboda haka ka zauna da mai motar tun a Agadas, da shaida, ku lissafa wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, a rubuta. Wa ke sayen mai, wa ke ciyar da direba da yaronsa, in mota ta lalace a hanya kwanan wa ya tafi, duk a gama. Kada ka biya duka tun farko. Rabi a tashi, rabi a dawo.

Kuma ka duba motar da idonka. Kat-kat ce ta gaske, wato mai ja da ƙafa huɗu, ko sunan kawai? Tayar safaya biyu, ba ɗaya ba, don duwatsun hanyar Timiya yanka taya suke kamar wuƙa. Jarkokin ruwa daban da na mai, shebur, famfon iska. Direban da ya ce "Allah na nan" da ka tambaye shi taya ta biyu, gaskiya ya faɗa, amma ka nemi wani. Wasu na bin motar kasuwa da ke kai kayan lambu Agadas don rage kuɗi. Ana zuwa da ita lafiya, sai dai ranar tashinta da ta dawowarta ba a hannunka suke ba, wanda aiki ke jira ranar Litinin ya kiyaye.

Lokaci kuwa, Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, ƙoramu kan cika ba zato ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba, hanya ta yanke, kuma kada ka taɓa kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama. Sanyin Disamba da Janairu da dare ba wasa ba ne, tafi da bargo biyu da rawani. In kana son bikin al'adun Abzin na Iferwan, nemi masauki da wuri, garin kan cika.

Sauran ƙanana ne. Kuɗi a hannu, canji ƙanana. Shayi da sukari na tsaraba ga mai masauki. Hausa za ta fisshe ka a kasuwa. Kada ka ɗauki hoton mata ba izini, kada ka tsinki lemon lambu, saya za ka yi. Ja-gora kuma ka ɗauka a cikin garin da ka sauka, shi ya san wace hanya ce ruwan bana ya cinye.