Kurakuran masu rainon shuka a ɗaki da murɗaɗɗen ƙwan lantarki

Mai tsakar gida a Birni ko Tudun Wada ba ruwansa da wannan magana, ranar Zariya ta ishe shi har da ragowa. Da masu ɗakin haya a Samaru da Kongo nake, waɗanda tagarsu ke kallon katangar maƙwabci amma suna son na'a-na'ar shayi, ko ɗan latas, ko su raini irin tumatir kafin dashe. Murɗaɗɗen ƙwan nan da muke ce wa enaji yana iya aikin. Sai dai haskensa ba ya kusa da na rana, kuma mance wannan ne ke haifar da yawancin kurakuran.

Nisa ne babba a cikinsu. Mutum ya ajiye tukunya a ƙasa, ƙwai na can a silin, ya ce ai ɗaki ya haske. Idonka ne ya ƙoshi, ganye na nan da yunwarsa. In ka ninka nisa, abin da ke isa ganye yakan koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa tsiro ke miƙewa siriri kamar tsinken tsintsiya, ya yi fari-fari, daga baya ya kwanta. Da yawa sai su ɗauka taki ya rasa, su ƙara masa, su ƙarasa shi. Sauko da ƙwan zuwa santimita 5 ko 10 daga ganye. Sa bayan hannunka daidai kan tsiron: in zafi ya dame ka, ɗaga kaɗan. Rataye shi da igiya, don kowane kwana biyu ko uku sai ka sake gyara tsayin. Kuma irin wannan ƙwai ta gefe ya fi ba da haske, ba ta baki ba, saboda haka ka kwantar da shi, ka kewaye wurin da farin kwali ya riƙa maido da hasken, amma kada kwalin ya taɓa ƙwan.

Sai wajen saye. Kwalin da ka ɗauko a kasuwar Sabon Gari zai iya nuna 100W da manyan lambobi, alhali ƙwan wat 23 yake ci. Ɗarin kwatance ne da tsohon ƙwai mai zare. Ƙwai mai wat 23 yana ba da kusan lumen 1,600 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), abin da zai riƙe ƙananan tukwane ɗaya ko biyu, ba goma ba. Duba lamba mai K a ƙarshenta, ita ke nuna launin hasken. 6500K, fari tas, shi ya dace da tsiro da ganyaye. 2700K, mai ruwan ɗorawa, akan haɗa shi ne lokacin fure.

Awa 14 zuwa 16 na haske a yini, sauran duhu, don shuka ma tana bukatar darenta. Na san me za ka ce: ina wutar? Gaskiya ce. In ba ka da sola ko inbata, matso da tukwanen bakin taga da rana, ƙwan ya cike abin da ya rage. Yawan kunnawa da kashewa ma yana rage masa kwana.

Hunturu na da nasa. Ƙurar Disamba da Janairu kan lulluɓe ƙwai da ganye, ta cinye hasken da dama ba yawa. Kashe ƙwan, ya huce, ka goge da busasshen tsumma duk mako. Ruwa kuwa, ƙasar ɗaki ba ta bushewa da wuri kamar ta fadamar Galma. Tura yatsa ciki kafin ka zuba, ka tabbata gindin tukunya a huje yake.

Kada ka sa rai da kwandon tumatir ko tattasai a ƙarƙashin ƙwai guda. Raino kawai zai yi maka. In lokacin dashe ya yi, kada ka jefa tsiron cikin rana kai tsaye, ganyen zai ƙone. Fara da awa ɗaya ko biyu na safiya, kana ƙarawa har mako guda.

In ƙwan ya fashe, akwai ɗan sinadarin makuri a ciki, mai guba ne. Fitar da yara, buɗe taga, a bar ɗakin kamar minti 15. Sannan ka kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, ka zuba a kwalba mai murfi. Ganyen da gilashin ya zubo wa kuwa, kada ya shiga shayi.