Darasi na 9: Abin da Cinikin Mako Yake Nunawa

Kowane mai kanti yakan ƙirga cinikinsa kafin ya kulle ƙofa. Masana tattalin arziki ma haka suke yi, sai dai su cinikin dubban kantuna suke haɗawa. Idan aljihun jama'a ya fara yin sanyi, a gaban mai karɓar kuɗi ake fara gani, tun kafin masana'antu su rage ma'aikata.

A Amurka, abin da jama'a ke kashewa ya kai kusan kashi biyu cikin uku na tattalin arzikin ƙasar. Gwamnati tana fitar da alƙaluman cinikin kantuna sau ɗaya a wata, sai tsakiyar watan da ya biyo baya. Masu zuba jari kuwa gajen haƙuri gare su. Shi ya sa suke bibiyar Redbook, rahoton cinikin manyan kantuna da ke fitowa kowace Talata.

Ga yadda ake awon. Ana kwatanta wannan mako da takwaransa na bara, domin makon Kirsimeti ba sa'an makon tsakiyar Janairu ba ne. Kuma kantunan da suka shekara a buɗe kaɗai ake ƙirgawa. Kamfanin da ya buɗe sababbin rassa 50 cinikinsa zai iya hawa, ko da kowane reshe yana kukan rashin masu saye.

Ɗauko fensir. A ce kanti ya yi cinikin dala 200,000 a mako guda bara, bana kuma dala 210,000. Bambancin 10,000 ne. Raba shi da 200,000, ka ninka da 100. Ciniki ya ƙaru da kashi 5 cikin 100.

To, kada ka yi saurin murna, nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Idan farashin kaya ya tashi da kashi 7 cikin 100 a wannan shekara, kuɗi sun ƙaru a aljihun tebur amma kayan da suka fita ƙofa sun ragu. Mako guda ma ba hujja ba ne. Ruwan sama mai ƙarfi ko rangwamen farashi kan birkita lissafi, saboda haka a jera makonni huɗu ko fiye a duba.

Aikin yi:

1. Cinikin bara dala 80,000, na bana dala 76,000. Hawa ne ko sauka, kuma da kashi nawa?
2. Faɗa wa na kusa da kai dalilin da ya sa ake cire sabon reshe daga lissafi.