Babi na 7: Idan aka rubuta miki sabon magani

Darasi na farko

Iyayena da yayyena, ku buɗe littafi shafin da ke da hoton kwalin magani. Duk wadda ta zo da tsohon kwali daga gida kamar yadda muka yi alkawari ta ɗora shi kan cinya, wadda ta manta ta matsa kusa da maƙwabciyarta, ba komai.

Sabon magani ba ya shiga kemis haka kawai. A ƙasar nan hukumar NAFDAC ce ke dubawa ta amince, tun 1993 aka kafa ta, kuma duk maganin da ta yarda da shi za ki ga sunanta da lamba a jikin kwalin. Ki juya kwalin a hankali ki nemo haruffan nan shida, N A F D A C, ki ɗora yatsa a kai. Kin gani? Madalla. In kin juya ko'ina babu, wannan ba na sha ba ne ko da mai tallan ya rantse da abin da zai kashe shi.

Magani yana canzawa, shi ya sa muke wannan babin. Manyan cikinmu sun san kulorakwin, mai ɗaci ɗin nan da ke sa wasu ƙaiƙayi har su kasa barci, to tun 2005 gwamnati ta sauke shi daga maganin farko na zazzaɓin cizon sauro saboda cutar ta daina jin sa, aka koma na haɗi irin su Coartem. Kuma a watan Yulin 2025 hukumar magunguna ta ƙasar Siwizalan ta amince da wani sabo, Coartem Baby, na jarirai masu nauyin kilo 2 zuwa ƙasa da kilo 5, Najeriya tana cikin ƙasashe 8 na Afirka da suka sa hannu wajen duba shi. Yana narkewa har a cikin ruwan nono. An yi shi ne don hantar jariri ba ta ƙosa ba, ba ta iya sarrafa magani kamar ta babban yaro, shi ya sa ɓallo rabin ƙwayar yayansa a dama a ɗura masa ganganci ne. Jariri in jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi a gwada jini, likita ne zai faɗi abin da za a ba shi.

Darasi na biyu

Nan ne wajen da kowa ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan, kada wadda ta gaji.

Tambaya uku ce. Ƙwaya nawa? Sau nawa a rana? Kwana nawa?

Ku faɗa tare da ni. Ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa. A sake. Inna ta bayan can ban ji muryarki ba, a sake.

Mai ba da magani yakan rubuta a jikin 'yar ledar ko ambulan kamar haka, 2 x 3. Yawanci lambar farko ita ce ƙwaya, ta biyun ita ce sau nawa, wato ƙwaya biyu sau uku a rana. Amma ba kowa ke rubutawa a haka ba, wani kuma zane yake yi tsaye-tsaye, shi ya sa kafin ki bar tagar ki ce masa, "Malam dan Allah ƙwaya nawa zan sha a lokaci ɗaya?" In ya faɗa ki maimaita masa da bakinki ya ji. Ba ƙauyanci ba ne, aikinsa kenan. Ƙwaya biyu daban, sau biyu daban. Ƙwaya biyu, kin ɓallo guda biyu kin haɗiye yanzu. Sau biyu, kin sha da safe kin sake sha da dare. Na san kun ji, amma satin da ya wuce da na tambaya fiye da rabin aji sun juya shi, to a sake, ƙwaya biyu daban, sau biyu daban.

Ga dalilin da ya sa nake naci. Maganin maleriya na babba, akwai kwalin da ke da ƙwaya 24 ƙanana, an rubuta 20/120, shi huɗu-huɗu ake sha. Akwai kuma mai ƙwaya 6 manya, an rubuta 80/480, shi ɗaya-ɗaya ake sha domin ƙwaya ɗayarsa daidai take da huɗun can. Magani ɗaya ne fa. Toh wadda ta saba da huɗu-huɗu aka ba ta mai shida ta ɓalle huɗu ta watsa baki, kinga ta sha na kwana biyu a zama ɗaya. Don haka kada ki ce ai na san shi, na sha bara. Duba lambar, sannan ki tambaya, ƙwaya nawa.

Sau nawa kuma, wannan maganin yana da nasa tsarin. Ranar farko kin sha, sai bayan awa 8 ki sake. In kin sha ƙarfe 6 bayan asuba, na biyu ƙarfe 2 ne wajen azahar. In ƙarfe 8 na safe ne, sai ƙarfe 4 da la'asar. Ki ƙirga da yatsu, babu kunya, ni ma da yatsu nake ƙirgawa. Rana ta biyu da ta uku safe da dare. Gaba ɗaya sau 6 a kwana 3. Kuma a sha shi da abinci mai maiƙo, nono ko madara ko kunun gyaɗa ko tuwo da ɗan man shanu, don da maiƙo yake shiga jiki sosai. In an yi amai kafin awa ɗaya, maganin bai zauna ba, a koma wajen ma'aikacin lafiya a faɗa masa.

Kwana nawa. Uku. Ba biyu ba.

Wallahi abin nan yana ɓata min rai. Yaro ya sha kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka ya fita wasa, sai uwa ta ɗaure sauran a bakin zani wai ajiya saboda gaba, bayan sati biyu ciwon ya dawo a ce maganin asibiti ba shi da kyau. Maganin lafiya lau yake, ke ce ba ki ƙarasa ba. Kuma ku daina ba wa kishiya ko maƙwabciya ragowar naku don ta ce ita ma kanta na ciwo, na yara ma da nauyinsu ake aunawa, daga kilo 5 zuwa 14 ƙaramar ƙwaya ɗaya, daga 15 zuwa 24 biyu, ba da ido ake kintata ba. Ku rufe littafi ku faɗa min tambayoyin nan uku.

Darasi na uku

Kowane magani yana da abin da yake jawowa. Na maleriyar nan yakan sa jiri da ciwon kai da kasala da rashin son abinci, yawanci yana wucewa da kansa. Maganin tarin fuka na yau da kullum yana mayar da fitsari ja-ja, kada a tsorata, ba jini ba ne. Shi kuma tarin fukan da ya ƙi jin magani, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sabon haɗi na wata 6 duk ƙwayoyi, a da wasu sukan yi wata 18 ko fiye. A cikin haɗin akwai wanda kan sa ƙafa ta mutu ko ta riƙa suka kamar allura, ko gani ya dushe, ko jini ya yi ƙasa. Wanda ya ji haka ya gaya wa likitansa da wuri, kada ya yanke maganin da kansa.

Amma akwai wanda ba a jira. Fuska ko leɓe ya kumbura, numfashi yana sarƙewa, borin jini ya feso ko'ina, baki ya yi gyambo fata tana saluɓewa, ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara. A tsayar da maganin a nemi mashin a tafi asibiti, a tafi da kwalin. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa tun kafin a rubuta musu.

Darasi na huɗu

Ku nemo EXP a gefen kwali. Ranar lalacewa kenan, wata ne a farko sannan shekara, 03/2027 wato watan uku na 2027. MFG kuma ranar da aka yi shi ne, kada a haɗa su.

Darasi na biyar

A ajiye magani a inuwa inda hannun yara ba ya kaiwa, ban da kan taga.

Aikin gida, kowacce ta rubuta tambayoyin darasi na biyu sau biyar a littafinta ta kawo ranar Laraba.