Yadda ake tsara binciken kwatanta masu cuta da marasa ita, da yadda ake fassara sakamakonsa

Idan cuta ba ta da yawa a cikin jama'a, ko tana ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, ko kuma annoba ce da ke kashe mutane yau, babu halin a tara dubban masu lafiya a zauna ana jiran wanda zai kamu. Sai a fara daga waɗanda suka riga suka kamu, a nemo wasu da ba su kamu ba, a waiwaya baya a ga abin da ya bambanta su. Da wannan hanya Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar taba da sankarar huhu a asibitocin Landan a 1950, kuma da ita aka bincika annobar kwalara ta Kano a 1995 zuwa 1996, inda aka gano cewa masu cutar sun fi shan ruwan da ake sayarwa a titi, kuma ba su kai sauran wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ba.

Da farko mai bincike zai rubuta tambayarsa a jimla guda, ya ambaci cutar da abin da yake zargi. Sannan ya fayyace wane ne mai cuta tun kafin ya ga mutum ko ɗaya. A annobar kwalara, alal misali, ana iya cewa duk mazaunin unguwa kaza da ya yi gudawa mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye cikin sa'o'i 24, tsakanin rana kaza da rana kaza. An fi so a ɗauki sababbin kamu, domin idan aka tsaya ga waɗanda suka daɗe da cutar, waɗanda ta kashe da wuri sun fita daga lissafi, kuma abin da za a gano yana iya zama dalilin tsira ne, ba dalilin kamuwa ba.

Mataki na gaba shi ne zaɓen abokan kwatance, wato marasa cutar da za a kwatanta masu ita da su, kuma a ganina a nan ne binciken yake gyaruwa ko ya lalace. Ƙa'idar ita ce su fito daga cikin jama'ar da masu cutar suka fito, ta yadda da ɗayansu ya kamu, da an same shi a wurin da aka sami masu cutar. Idan masu cutar daga babban asibitin koyarwa aka ɗebo su, wanda ake kawo masa marasa lafiya daga ƙauyuka masu nisa, to mazauna birni kaɗai ba za su wakilce su ba. Marasa lafiyan asibiti suna da sauƙin samu, suna kuma amsa tambaya da natsuwa, amma ciwon da ya kwantar da su yana iya kasancewa da alaƙa da abin da ake zargi. Haka ta faru a wani binciken jami'ar Harvard na 1981 da ya danganta shan kofi da sankarar fankiriyas (wata gaɓa a cikin ciki da ke samar da sinadarin insulin): da yawa daga abokan kwatancen masu ciwon ciki da hanji ne waɗanda suka rage kofi saboda rashin lafiyarsu, sai ya zamana kamar masu sankarar ne suke sha fiye da kima, kuma bincike-binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da alaƙar ba. Maƙwabta su ma suna da nasu cikas, domin idan rijiya ɗaya kowa yake sha a unguwar, bambancin da ake nema zai ɓace.

Ana iya daidaita kowane mai cuta da abokin kwatance mai shekaru da jinsi irin nasa, sai dai duk abin da aka daidaita a kansa ba za a iya auna tasirinsa ba daga baya, kuma dole lissafin ya yi la'akari da daidaitawar. Idan masu cutar kaɗan ne, ana ƙara abokan kwatance har huɗu ga kowane ɗaya, bayan haka ƙarin ba ya kawo riba mai yawa. Arthur Herbst da abokan aikinsa a Boston sun yi haka a 1971: 'yan mata 8 masu wata sankarar farji da ba a saba gani ba, da abokan kwatance 32. Iyaye mata 7 cikin 8 na masu sankarar sun sha maganin DES, wanda ake bayarwa a lokacin don hana ɓari, lokacin da suke da ciki, a ɗaya ɓangaren kuwa babu ko ɗaya.

Wajen tattara bayani, takardar tambayoyi ɗaya ce ga ɓangarorin biyu, kuma ya fi kyau mai tambayar kada ya san wa ke da cutar. Dalili kuwa shi ne uwar da ɗanta ya kwanta ta riga ta yi ta tunanin abin da ya ci da abin da ya sha, uwar mai lafiya kuwa ba ta da abin da zai sa ta tuna. Inda akwai katin asibiti ko rajistar rigakafi, sun fi ƙwaƙwalwa abin dogaro. A kuma tabbatar cewa lokacin da ake tambaya a kansa ya gabaci fara ciwon. Ga kwalara, kwanaki biyar kafin gudawar ta fara sun wadatar.

Daga nan sai lissafi. A ja tebur mai gida huɗu. Cikin maza 649 masu sankarar huhu na Doll da Hill, 647 suna shan taba, 2 ba sa sha. Cikin abokan kwatance 649, 622 suna sha, 27 ba sa sha. A ninka 647 da 27, a raba da abin da aka samu daga ninka 622 da 2, sai a sami kusan 14. Wannan shi ne ma'aunin rinjaye. Idan ya fito 1, babu alaƙa. Sama da 1 yana nuna ƙarin haɗari, ƙasa da 1 kuwa alamar kariya ce, kamar yadda sabulu ya nuna a Kano. Jerome Cornfield ya nuna a 1951 cewa idan cutar ba ta da yawa a cikin jama'a, wannan adadi yana kusa da ainihin ninkin haɗari. Abin da binciken ba zai taɓa faɗa ba shi ne mutum nawa cikin ɗari za su kamu, domin mai binciken ne da kansa ya tsayar da yawan kowane ɓangare.

Kada a karanta ma'aunin shi kaɗai. A duba tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100, wato iyakoki biyu da ake sa ran ainihin ma'aunin yana tsakaninsu: idan ta haɗa da 1, ana iya cewa dace ne kawai, idan kuma ta yi faɗi sosai, mutanen da aka bincika sun yi kaɗan. Sannan a nemi abu na uku da ke iya rikita alaƙar. Gidan da ba shi da famfo, mai yiwuwa shi ne kuma ba shi da masai mai kyau, don haka sai a raba mutanen rukuni-rukuni bisa wannan abu, a lissafa ma'aunin a kowane rukuni, a haɗa su ta hanyar da Mantel da Haenszel suka kawo a 1959, a ga ko alaƙar tana nan. Idan ta tsaya, kuma haɗarin yana ƙaruwa da ƙaruwar abin da ake zargi, kamar yadda masu yawan shan taba suka fi yawa cikin masu sankarar huhun, hujjar ta yi ƙarfi. A lokacin annoba, sakamako mai ƙarfi irin wannan ya isa a sa sinadarin kilorin a ruwa a raba sabulu, ba tare da jiran wani binciken ba.