Yadda na cire layukan nan na fentin mota

Alhamdulillah, na huta. Motata baƙa ce, in rana ta haska sai kaga siraran layuka zagaye-zagaye kamar yanar gizo-gizo. Na shafa kaki da hannu, ɓoye su kawai yayi, ana wanki suka dawo. Injin goge fenti na rotari, mai juyawa kawai, kam ban yarda da shi ba, yana ƙona fenti a hannun sabon shiga, sai na sayi injin goge fenti da ake kira DA, mai juyawa yana lilo. Na wanke motar tas na bi ta da yumɓun goge fenti, na ɗiga folish ɗigo 4 a soson injin mai matsakaicin tauri, na baza da gudun injin a lamba 1 sannan na kai lamba 4, a hankali, wuri kaɗan-kaɗan, kowane layi na hawa rabin na baya. Na share da tawul maikrofaiba na haska tocila, fes. Sai kaki a ƙarshe.